Abin da Baba Sabo Ke Rubutawa a Bayan Rasit

A watan da ya wuce aka kawo mana sababbin yara uku gidan mai, duk sun gama sakandare. Ranar farko na ji ɗayansu yana faɗa wa abokinsa a waya wai aikin ba komai ba ne, ka ɗaga nozul, bakin tiyon famfo, ka matsa, ka karɓi kuɗi. Ban tanka ba, don ni ba gwanin magana ba ne a cikin mutane. Amma shekarata bakwai ke nan a bakin famfo, da wannan aikin nake biyan kuɗin karatuna na kwalejin horar da malamai, kuma abin da bakina ya kasa faɗi hannuna yakan iya rubutawa. Saboda haka wannan takarda taku ce, ku ukun.

Gidan man namu ƙarami ne, a gefen hanyar Gezawa, famfo biyu na fetur, ɗaya na dizal. Abu na farko da za ku riƙe shi ne sunansa uku ne. Akwai sunan da ke jikin allo a bakin titi. Akwai sunan kamfanin maigidan da ke cikin takardun hukuma, wanda ba kowa ya taɓa jin sa ba. Sai kuma sunan da mutanen ƙauyukan nan suka sani, gidan man Baba Sabo, alhali ko bulo ɗaya ba shi da shi a ginin. Ma'aikaci ne kamarmu, sai dai ya fara aikin tun ana juya famfo da hannu in an ɗauke wuta. Bai yi boko ba, allo ya yi, amma ban taɓa ganin wanda ya kai shi karanta lamba ba.

Aikin da ya fara ba ni shi ne sandar awo. Mako uku ban taɓa nozul ba. Kullum da sassafe, kafin a kunna famfo, sai mu buɗe murfin tankin ƙasa. Za ka goge sandar tas, ka shafa wa gindinta wani man da ke canza launi in akwai ruwa a ƙasan tanki, sannan ka zura ta a hankali har ka ji ta taɓa ƙasa. Ba a sakin ta ta faɗa. Ka zaro, ka karanta inda jiƙar ta tsaya da sauri, don fetur ba ya jira, nan da nan ya bushe. Sau uku ake yi. In biyu suka yi daidai, ɗaya ya saɓa, a sake daga farko. Wata safiya da damina na ga man ya ɗan sauya launi, na yi shiru don kunya, ina tsammanin idona ne. Baba ya karɓi sandar ya duba, ya hana a sayar wa kowa har aka zuƙe ruwan. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, "Nasiru, kunyarka ta yi kyau a gaban manya. A gaban tanki kuwa babur ɗin mutane za ta kashe."

Jarka ma karatu ce. Yawancin masu zuwa wurinmu ba masu mota ba ne, manoman rani ne masu injin ban ruwa, sai 'yan babur da direbobin bas masu zuwa birni. Manomi zai zo da jarka biyu ɗaure a bayan keke ya ce a zuba a nan. Ba a yi. Sai an sauke ta ƙasa. Kuma jarkar da ta daɗe tana shan rana takan kumbura, ta ci fiye da abin da aka rubuta a jikinta. In ba ka faɗa wa mai ita tun kafin ka fara ba, da mita ta wuce lita ashirin da biyar zai ce famfonku na sata. Baba yakan ƙwanƙwasa jarka da yatsa ya ce, "Malam, wannan ta yi tumbi, za ta ƙara lita guda da rabi." Sai ka ga hakan ce ta faru, mai jarka yana dariya maimakon faɗa.

Da aka kawo na'urar POS, kowa ya ɗauka nan ne tsohon zai sare. Bai sare ba, sai ma ya ƙara mana aiki. Ya samo wayar ƙafar keke ya lanƙwasa gindinta ya kafa a katako. Duk wanda ya biya da kati, rasit biyu ake fitarwa, ɗaya nasa, ɗaya namu. Kafin Baba ya soke namu a jikin wayar, sai ya juya bayansa ya yi rubutu da biro, da ajami, ranar watan Musulunci, wanda ya zo, da abin da aka zuba wa man. Har rasit ɗin da na'ura ta ce kuɗi ba su wuce ba, shi ma sai an rubuta an soke. Da yamma ya zare na ranar ya ɗaure da zare. In wata ya ƙare ya haɗa su a leda ya saka a wata tsohuwar randa da ke kusurwar ɗakin ajiya, ya rufe da faifai.

Na daɗe ina ganin wannan ɓata lokaci ne, tunda komai yana cikin na'ura. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambaya.

"Baba, me ya sa randa?"

"Ka taɓa barin rasit a aljihu sati biyu?"

"Na taɓa."

"Me ka gani?"

"Ya goge."

"To, zafi ke cinye shi. Randa kuwa ko ba ruwa tana da sanyi. Malamin boko, wannan ba ya cikin littafinku?"

Sai ga muguwar shekara, shekarar da aka canza kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, ga ƙarancin mai a lokaci guda. Tsakiyar noman rani ne, tumatir da albasa suna neman ruwa, layin jarkoki tun daga bakin famfo har tsamiyar bakin titi. Tsofaffin da ba su taɓa riƙe kati ba suka zo da shi a naɗe cikin hula. Sabis ya tafi ya dawo. Sai ka ɗaga na'ura sama kamar mai roƙon ruwa, mutum talatin suna kallon hannunka. A cikin wannan hali na'urarmu ta mutu ɗungurungum. Maigidan ya aiko mana da wata daga ɗaya gidan man nasa, muka yi aiki da ita kusan mako shida kafin a kawo mana tamu, a mai da ta aro. Duk tsananin layin nan, Baba bai fasa juya rasit ba. Mutane suna ihu, "Baba, a bar rubutun nan mana!" Shi kuwa kansa a sunkuye, biro a hannu.

Bayan wata takwas, wata Talata bayan azahar, Malam Habu ya zo a kan kekensa babu jarka. Wannan kaɗai ya isa a gane akwai magana. Malam Habu sa'an Baba Sabo ne, tare suka yi makarantar allo, kuma shi ne ma'ajin ƙungiyar manoman rani ta ƙauyen da ke bayanmu. Su goma sha takwas ne, suna da injin ban ruwa biyu na haɗin gwiwa, katin bankin ƙungiya kuma a hannunsa yake tun da aka buɗe asusun.

"Sabo, ina yaron nan naka mai karatu?"

"Ga shi nan. Lafiya?"

"Wai na sha mai a Legas."

"Kai? Da keken nan? Lalle ka yi taku."

Malam Habu bai yi dariya ba. Baba ya dube shi, ya jawo masa benci.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar tana neman rancen taki, aka ce su kawo takardar bayanin asusunsu daga banki. Ɗan Alhaji Ɗanlami, shugaban ƙungiyar, ya je birni ya karɓo, ya karanta musu a taro. Duk man da aka saya a wurinmu ya fito da sunan da ke jikin allonmu, kowa ya gane. Amma a tsakiya akwai layi biyar da suka fito da sunan wani kamfanin mai da ba wanda ya sani, kuma a ƙarshen kowane layi an rubuta Legas. Shi kuwa Malam Habu yana da ɗa, Isiya, mai bin motar tumatir zuwa kudu. Ba a daɗe ba wani ya haɗa maganar, wai ma'aji ya ba ɗansa katin ƙungiya yana shan mai a hanya. An ba Malam Habu zuwa Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci za a zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ko ya yi bayani, ko ya biya a karɓe katin a gaban jama'a.

"Kuɗin ba su dame ni ba," in ji shi, "in ta kama in sayar da akuya. Amma a ce ni da ɗana mun ci amanar mutum goma sha bakwai? Ina zan sa ƙafata a garin nan? Jiya na yi sallama a majalisa, biyu ne suka amsa."

Ya miƙo mini takardar, shafi huɗu. Ina ganin sunan na gane shi, don mako shida ina yage rasit mai ɗauke da shi. Sunan nan na biyu ne, na kamfanin maigida, da shi aka yi wa na'urar aro rajista. Legas ɗin kuwa ba inda aka sha man ba ne, garin da ofishin masu na'urar yake ne. Banki ba ya ganin famfo, ba ya ganin allon bakin titi, abin da aka rubuta wa na'ura ranar rajista shi yake kwafowa.

"Baba, wannan ai mu ne," na ce.

Malam Habu ya yi ajiyar zuciya har da hamdala. Baba Sabo kuwa ya girgiza kai.

"Wa zai yarda? Na'urar ta koma. Ni abokinsa ne, kai yarona ne. Habu, ina rasit ɗinka?"

Malam Habu ya zaro wata leda daga aljihu. A saƙale take a jikin kwanon rufin ɗakinsa tun rani. Muka warware, farare fat, kamar ba a taɓa buga komai a kansu ba.

"Kuma sau nawa ka sayi mai a lokacin na'urar aro?"

"Sau uku. Jarka bibbiyu. Haka yake a littafin ƙungiya."

"Takarda ta ce biyar."

Ko an yarda Legas a nan take, saura biyu ba su da uba.

Washegari Laraba muka buɗe randa. Tsakanin zuwan mai saye da mai saye muke aikin, ni a kan tabarma a inuwar ɗakin ajiya, Baba yana zuwa yana komawa bakin famfo. Matsalar farko, takardar banki da watan Bature take magana, ledojin Baba kuwa Rajab da Sha'aban aka rubuta musu. Na ciro kalandar da ke jikin bango, mai ɗauke da watannin biyu, na ja layi a takarda na jera ranakun gefe da gefe. Na lura kuma wani lokacin banki yakan rubuta ciniki a washegarin ranar da aka yi shi, saboda haka kowane layi sai na duba ƙulli biyu. Rasit ɗin randa sun dusashe, amma ba su mutu ba. In ka ɗaga ɗaya wajen haske za ka ga sunan kamfani a sama, yawan kuɗi, da lambobi huɗu na ƙarshen kati. Da waɗannan huɗun nake tacewa. Wanda ya yi daidai da na ƙungiya in ware, in Baba ya dawo ya juya bayan ya karanta.

"Habu, jarka biyu, na injin gabas." Ɗaya ke nan. Kafin la'asar mun sami ukun da ke cikin littafin ƙungiya.

Na huɗu a rana ɗaya yake da na uku, kuɗin ma iri ɗaya. A jikin ƙullin ranar na sami rasit biyu a jere, na farkon na'ura ta ce bai wuce ba. A bayansa Baba ya rubuta, "Habu, bai wuce ba, an sake." Wato na'ura ta ce ba ta karɓa ba, banki kuwa ya cire. Na koma kan takardar ina bi da ɗan yatsa layi layi, sai a shafi na gaba, bayan kwana tara, na ga kuɗin sun dawo cikin asusun, daidai adadinsu, ba tare da sunan kowane gidan mai ba, sai wasu 'yan haruffa. Wanda ya karanta musu a taro ɓangaren fita kawai ya bi.

Na biyar ya wahalar da mu, don kuɗinsa ba na jarka ba ne. Sai wajen ƙarfe biyar na same shi. Baba ya juya bayan, leɓɓansa suka motsa, bai fitar da murya ba. Ya sake karantawa. Sannan ya ninke shi ya saka a aljihun gaba.

"Baba, me aka rubuta?"

"Ba a nan za a karanta wannan ba. Gobe ka sa riga mai kyau."

Ranar Alhamis bayan la'asar muka bar famfo a hannun abokin aikinmu, muka tafi gidan Alhaji Ɗanlami, ba tare da Malam Habu ba. Ya tarbe mu a zaure, aka gaisa, aka kawo ruwa. Alhaji ba mugun mutum ba ne, mutum ne mai tsoron a ce a hannunsa kuɗin jama'a suka salwanta.

"Malam Sabo, in roƙo ka zo yi wa Habu, wallahi ba ni kaɗai ba ne. Ni ma abin ya hana ni barci."

"Ban zo roƙo ba, Alhaji. Karatu na kawo. Nasiru, bismilla."

Na shimfiɗa takardar bankin a gabansa. Na nuna masa sunan da ke saman rasit da wanda ke takardar banki, harafi da harafi. Na nuna masa uku na injin, da na huɗun da ya fita ya dawo. Ya sa tabarau, ya ɗaga kowane rasit wajen hasken ƙofa, ya juya ya karanta ajamin da kansa.

"Ikon Allah. To Legas ɗin fa?"

"A nan take, Alhaji, bayan tsamiya," in ji Baba.

Alhaji ya yi murmushi, sannan ya ƙirga da yatsa. "Huɗu ke nan. Saura ɗaya."

Baba ya zaro na aljihun ya miƙa masa da hannu biyu. Alhaji ya karanta a fili, a hankali. "Motar Ɗanlami. Habu ya sa kati. Za su asibiti da iyalin Garba. Ɗanlami ya ce zai mayar."

Alhaji ya cire tabarau.

"Innalillahi. Ranar haihuwar nan ce."

Sai ya shiga ba da labarin kamar mu ne ba mu sani ba. Matar Garba, ɗaya daga 'yan ƙungiyar, haihuwa ta zo mata da gardama da rana tsaka. Motar Alhaji ce kaɗai a garin, babu mai a ciki, babu mai ko naira ɗari a hannu. Shi da bakinsa ya ce wa Malam Habu ya sa katin ƙungiya, zai biya. Baba Sabo ne ya roƙi masu layi aka matsa musu. Daga nan aka shiga hidimar asibiti da ta suna, maganar ta bi ruwa. Malam Habu bai sa a littafi ba tunda ba man inji ba ne, da aka zo ana maganar Legas kuwa ba wanda hankalinsa ya je kan wannan rana.

"Yaron har ya fara rarrafe," in ji Alhaji. "Ni na ci, ni na tara mutane a tuhumi Habu." Ya dubi Baba. "Da ka bari sai gobe ka karanta wannan a gaban mai unguwa, da na shiga uku."

"Sirrin ba nawa ba ne, Alhaji, naka ne. Sai dai ka dawo mini da rasit ɗin, na randa ne."

Ban je taron Juma'a ba, ina bakin famfo. Waɗanda suka je sun ce tun kafin kowa ya buɗe baki Alhaji Ɗanlami ya miƙe, ya karanta bayan rasit ɗin da kansa, ya ajiye kuɗin a kan tabarma, ya nemi gafarar Malam Habu da ta Isiya da sunansa, duk da yaron yana kan hanyar kudu bai san ma abin da ake ciki ba. Wanda ya fara haɗa maganar ma ya zo ya durƙusa. Katin bai bar aljihun ma'aji ba.

Asabar da safe, muna gama awon tanki, sai ga keken Malam Habu da jarka biyu. Baba ya ƙwanƙwasa ɗaya.

"Mutumin Legas, yaushe a gari?"

"Yanzu na sauka. Zuba mini, tsohon banza, kuma ka faɗa mini tumbinta tun da wuri."

Ni na karɓi katin, na fitar da rasit biyu, na miƙa masa nasa. Bai karɓa ba.

"Wannan ma ku ajiye a randarku. Rufin ɗakina ba wurin ajiya ba ne."

Na kai wa Baba namu don ya rubuta. Ya dube shi, ya matso da shi kusa da ido, ya nisantar, sai ya zaro biron daga bayan kunnensa ya miƙo mini.

"Idona ya fara gardama da ƙananan takardu. Rubuta da bokonka, amma ka sa watan namu."

Malam Habu bai hau kekensa ba sai da ya ga na gama, na soke shi a jikin waya.

Biron nan shi ne wanda kuke gani ɗaure da zare a jikin famfo na biyu. Shekaranjiya na tsinci rasit huɗu a cikin kwandon shara, biyu daga ciki na waɗanda ba su wuce ba ne. Na goge su, na ajiye a ƙarƙashin dutsen da ke kan teburin. Ban san wanda ya zubar ba, ban kuma tambaya ba. Amma shi ya san su waye suka zo da abin da ya zuba musu, kuma yau kwana biyu ke nan, gobe zai fara mantawa. Ya je ya juya bayansu kafin Baba ya ɗaure ƙullin yamma.